Mutum Ɗaya, Suna Biyar: Sharhi Kan Laƙabin Adireshin Imel

Akwai wani dattijo a layinmu da nakan zauna wurinsa bayan la'asar. Sunansa na yanka ɗaya ne, amma sunayen da yake amsawa sun kai biyar. In aka yi sallama a zaure aka ce, "Alhaji yana ciki?" ya san ɗan kasuwa ne ko mai neman alfarma, sai ya ɗauki hularsa kafin ya fito. In aka ce "Ɗanjuma", ya san daga ƙauye aka zo, sai ya fara leƙawa cikin gida ya ce a ƙara tuwo. In kuwa ya ji an ƙwala "Gola!" da singileti yake fitowa yana dariya, don babu mai kiransa haka sai waɗanda suka buga ƙwallo tare tun suna firamare. Tun kafin ya ga fuska, suna ya riga ya gaya masa wanda ya zo, da abin da ya kawo shi, da ko abin na gaggawa ne ko zai iya jira a idar da cin abinci.

Wannan dabarar da Bahaushe ya saba da ita tun kaka da kakanni ita ce masu fasaha suka shigar cikin imel. Mutum yana da akwatin saƙo ɗaya, amma ya ba banki suna daban, ya ba wurin aiki suna daban, ya ba kantunan intanet wani daban. Duk saƙon da ya iso, sunan da aka kira shi da shi ne zai nuna inda za a ajiye shi. Yawancin masu imel suna da wannan damar a hannunsu kyauta, ba su taɓa amfani da ita ba. Wasu kuma sun ji labarinta sama-sama, suna ɗora mata nauyin da ba za ta iya ɗauka ba.

Yadda akwati ke zama juji

Da yawa daga cikinmu ba mu muka zaɓi adireshinmu ba. Ranar da aka sayi waya, a kasuwar Farm Centre ta Kano ko wata irinta, yaron shago ne ya buɗe Gmail cikin minti biyu don wayar ta fara aiki, ya rubuta kalmar sirri a bayan rasit. Daga nan wannan adireshi guda ya shiga ko'ina. Shi aka ba banki, shi aka sa a rajistar JAMB, shi aka buɗe Facebook da shi, shi aka rubuta a takardar neman aiki, shi aka miƙa wa wani shafin da ya yi alƙawarin kyautar data. Kowa da suna ɗaya yake kiran mai gida, to ta yaya zai bambance sallamar surukinsa da ta mai tallar maganin ɓera?

Na ga illar wannan a gidanmu. Wata ƙanwata ta gama hidimar ƙasa, ta yi wata da watanni tana aika takardun neman aiki. Wata rana ta miƙo mini wayarta ta ce, "Yaya, duba mini, wai an ce wurin ajiyata ya kusa cika." Ina gangarawa cikin saƙonnin da ba ta buɗe ba, tsakanin tallar takalma da sanarwar cewa wance ta sa sabon hoto, sai ga gayyatar ganawa daga wani kamfani. An aiko ta kwana goma sha ɗaya da suka wuce, ranar ganawar kuma ta shige da mako guda. Ba a yi mata kutse ba, saƙon bai ɓata a hanya ba. Ya iso lafiya, tarkace ne ya binne shi. Ta yi shiru, can ta ce, "Allah bai yi rabona ba ne." Na ce haka ne, amma a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Tarkacen nan ya daɗe. A watan Mayun 1978 wani ɗan talla na kamfanin DEC a Amurka, Gary Thuerk, ya aika saƙon talla guda ga mutane kusan 400 a kan ARPANET, kakar intanet ta yau, kuma tun ranar mutane suka fara gunaguni. Kamfanonin imel sun yi ta ƙoƙari. Gmail, wanda ya fito ranar 1 ga Afrilun 2004, ya raba akwati gida-gida a 2013, ya ware na talla da na dandalin sada zumunta. Sai dai na'ura ce ke yin wannan rabon bisa hasashe, kuma hasashe yakan kuskure. Laƙabi kuwa kai ne ka raɗa shi, ka san wanda ka ba.

Gaba da bayan alamar @

Kafin a gane laƙabi sai an gane ginin adireshin kansa. A 1971 wani injiniya a kamfanin BBN na Amurka, Ray Tomlinson, ya zaɓi alamar @ don ta raba sunan mutum da sunan kwamfutar da yake kanta. Har yau a haka ake. Abin da ke bayan alamar, kamar gmail.com, sunan gida ne. Abin da ke gabanta sunan wanda ake nema ne a cikin gidan.

Ƙa'idar da ta haifi laƙabi tana nan a dokokin aika imel: masinjojin da ke kan hanya sunan gida kawai suke dubawa. Ba su da hurumin fassara sunan da ke gaban alamar. Wannan aikin mai gida ne shi kaɗai. Kamar ɗan aike ne da aka ba wasiƙa zuwa gidan wane. Aikinsa ya kai ta zaure. Ko an rubuta "Alhaji" ko "Gola" a bayan ambulan, mutanen gidan ne suka san duk mutum ɗaya ake nufi. Saboda haka kowane kamfanin imel yana da 'yancin cewa sunaye kaza da kaza duk akwati ɗaya za su faɗa, kuma shi ya sa dokar Gmail ta bambanta da ta Yahoo.

Alamar tarawa da ɗigo

Hanya mafi sauƙi ita ce alamar tarawa, wato +. A ce adireshinka sunanka@gmail.com ne. In ka rubuta sunanka+banki@gmail.com, ko sunanka+aiki@gmail.com, ko sunanka+makaranta@gmail.com, duk akwatinka za su shigo. Gmail yana karanta abin da ke gaban alamar tarawa don ya san akwatin, ya bar abin da ke bayanta a jikin saƙon a matsayin shaida. Ba sai ka yi rajista ba, ba sai ka shiga saiti ba. Kana tsaye gaban kanta ana tambayarka adireshi za ka iya ƙirƙiro sabo nan take, ya kama aiki a daƙiƙar. Outlook da Proton da Fastmail duk suna karɓar wannan salon, kuma yana rubuce cikin kundin ƙa'idojin intanet, a takarda mai lamba RFC 5233 ta 2008.

Gmail yana da wata ɗabi'a ta biyu: ba ya ganin ɗigo. Sunanka da su.nanka da s.u.n.a.n.k.a duk abu ɗaya ne a wurinsa. Haka kuma in aka sa googlemail.com a madadin gmail.com, akwati ɗaya saƙon zai je. Wannan suna na biyu ya samo asali ne daga rigimar mallakar sunan Gmail da aka yi a Ingila da Jamus. Amma a kula: rashin ganin ɗigo na adireshin gmail.com ne kawai. In makarantarku ko ofishinku na amfani da Google da sunan gidansu na kansu, ɗigo yana canza adireshi.

Ɗigon ma yana da nasa tarko. A 2018 wani masanin manhaja, James Fisher, ya bayyana yadda ya kusa biya wa baƙo kuɗin kallon fina-finai. Wani ya yi rajista da adireshinsa mai ɗigo a wani wuri daban, shafin fina-finan ya ɗauke shi sabon mutum, Gmail kuwa ya kawo wa Fisher sanarwar cewa katin biya ya ƙi aiki, a sabunta. Darasin shi ne ka riƙa duba ainihin sunan da aka aiko saƙo da shi, musamman in ana neman lambar kati.

Rariya

Laƙabi shi kaɗai ba ya gyara akwati, suna kawai yake maƙala wa saƙo. Abin da ke yin rabon shi ne rariya, wato umarnin da za ka ba Gmail cewa duk saƙon da ya zo da suna kaza a yi masa kaza. Manhajar Gmail ta waya ba ta da wurin kafa wannan umarni. Sai a kwamfuta, ko a burauzar waya in aka juya ta zuwa fuskar kwamfuta. Aiki ne na zama ɗaya.

Ga yadda muka yi da ƙanwata a daren ranar da ta miƙo mini wayarta. Muka buɗe Gmail a kwamfuta, muka taɓa 'yar alamar da ke ƙarshen layin bincike, fom ya sauko. A gurbin wanda aka aika wa saƙo muka rubuta adireshinta mai +aiki, muka danna wurin ƙirƙirar rariya. Sai ga jerin zaɓi. Muka zaɓi uku: a sa wa saƙon tambari mai suna Aiki, a sa masa tauraro, kada a taɓa jefa shi cikin shara. Muka sake kafa wata don +talla, amma ita muka ce ta tsallake babban akwati, ta wuce kai tsaye ƙarƙashin tambarinta, a duba ta ranar da aka ga dama. Ta uku ta +banki ce. Daga nan ta ɗauki waya ta saita tambarin Aiki ya riƙa yi mata ƙara in saƙo ya shigo. Washegari ta gyara adireshin da ke kan takardar bayanan karatunta.

Me ya sa ba za a tace da sunan mai aikowa ba, tunda shi ma ana iyawa? Saboda ba ka san shi ba tukuna. Mai neman aiki bai san daga wane adireshi gayyata za ta zo ba. Banki ɗaya yakan aiko sanarwar shigar kuɗi daga adireshi ɗaya, bayanin wata daga wani, talla daga na uku, gobe kuma ya canza su duka. Wanda ke tacewa da sunan mai aikowa kullum yana bin baya yana gyara. Wanda ke tacewa da laƙabin da shi ya bayar ya riga ya tanadi mazauni tun kafin baƙon ya iso.

Akwai wani ɗan sirri ga wanda rariyarsa ke zubar da wasu saƙonni. In an aiko saƙo ga jama'a da yawa aka ɓoye sunayensu, laƙabinka ba zai fito a gurbin wanda aka aika wa ba. A nan sai ka rubuta deliveredto: a layin bincike, ka biyo da laƙabin. Wannan yana duba sunan da aka sauke saƙon da shi a ƙofa, ko da ba a nuna shi a fili ba.

Wa ya ba da sunana?

Amfani na biyu ya fi na farko daɗi ga mai son bin diddigi. Na taɓa sayen caja a wani kantin intanet, na ba su adireshi mai laƙabin da ban taɓa ba kowa ba. Bayan 'yan watanni sai tallar bashin gaggawa ta fara shigowa, daga mutanen da ban taɓa jin sunansu ba. Da na duba, da laƙabin kantin nan ake aiko ta. Ko dai sun sayar da jerin abokan cinikinsu, ko an sace shi daga hannunsu. Ko wanne ne, na san ta inda bango ya tsage. Na kafa rariya guda ta riƙa share duk abin da ya zo da wannan sunan, magana ta ƙare.

A Najeriya wannan shaidar tana da daraja fiye da da. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ba ɗan ƙasa damar ƙin yarda a yi amfani da bayanansa wajen talla, ta kuma kafa hukumar da ake kai wa ƙara. Wanda ke da laƙabi yana iya nuna cewa wannan adireshin wuri ɗaya tak ya ba.

Laƙabi yana taimakawa wajen gane 'yan damfara ma. Saƙo ya zo da tambarin bankinka, yana cewa an rufe asusunka, ka danna nan. Ka duba ka ga da +talla aka aiko shi, alhali +banki ka ba bankin. Ka kama shi tun bai buɗe baki ba. Sai dai gwajin gefe ɗaya yake ci. Zuwan saƙo da sunan da ba daidai ba hujja ce cewa na bogi ne, amma zuwansa da sunan da ya dace ba hujja ba ce cewa na gaskiya ne, don ɓarawon da ya saci bayanai ya sace su har da laƙabin.

Inda alamar tarawa ta gaza

A nan ne masu yabon wannan dabara sukan yi shiru. Alamar tarawa ba ta ɓoye kowa. Duk wanda ya ga sunanka+talla@gmail.com ya ga sunanka@gmail.com. Mai sayar da jerin adireshi in yana da wayo, layi ɗaya na umarni ya ishe shi ya datse duk abin da ke bayan alamar a adireshi miliyan. Kamar mutum ne ya yafa rawani ya bar fuska a buɗe. Saboda haka tana da kyau wajen tsari, tana kama malalacin mai laifi, amma ba sutura ba ce.

Na biyu, wasu shafuka ba sa karɓarta. Ka rubuta adireshi mai + su ce ba daidai ba ne, alhali dokokin imel sun halatta alamar tun fil azal. Wani lokaci kuskuren mai rubuta manhaja ne, wani lokaci da gangan ne, don wanzami ba ya son jarfa: mai tara adireshin mutane ba ya son a gane in ya yi ciniki da shi. Mafi ban haushi su ne masu karɓa ranar rajista su kasa ganewa ranar da kake son fita daga jerin tallarsu. Dalilin na fasaha ne. A cikin mahaɗin shafin intanet, alamar + takan tsaya a madadin tazara tsakanin kalmomi, sai manhajar da ba a rubuta da kyau ba ta karanta adireshinka a karye. A irin wannan wuri ɗigo yakan fitar da mai Gmail, don babu fom ɗin da ke ƙin ɗigo.

Na uku, mantuwa. Laƙabin da ka yi rajista da shi shi ne sunan shigarka a wannan shafin. Bayan shekara biyu ka dawo ka manta ko +kasuwa ka sa ko +saye, sai ka tsaya a ƙofar gidanka kana ƙwanƙwasawa. Maganinsa manhajar adana kalmomin sirri, ko ɗan littafi a cikin durowa, ko kuma ka binciko saƙon maraba da suka aiko maka ranar farko ka ga sunan da ke kai.

Na huɗu, amsa. In ka mayar da martani, Gmail da ainihin adireshinka zai aika, sai in ka shiga saiti ka ƙara laƙabin cikin sunayen da kake aikawa da su.

Suna na daban, da mayafi

Wanda ke son fiye da tsari sai ya hau mataki na biyu: laƙabin da bai yi kama da asalin suna ba. Outlook na Microsoft yana barin mutum ya ƙara adireshi har goma a kan asusu ɗaya, duk akwati guda. Yana kuma da wata fa'ida da ba a cika sani ba: kana iya zaɓar wane suna ne kaɗai za a iya shiga asusun da shi. Sai ka raba sauran ga duniya, ka ɓoye na shiga. Ko ɓarawo ya sami adireshin da kake bayarwa, ba ƙofa ba ce. Amma in ka goge laƙabin Outlook ya tafi ke nan, ba ya dawowa. iCloud na Apple yana ba da laƙabi uku. Yahoo kuma nasa salon da karan ɗori yake: ka zaɓi wani suna dabam da naka, ka riƙa ɗora masa kalmomi.

Mataki na uku shi ne mayafi. A nan wani kamfani ne ke tsayawa tsakaninka da duniya. Ya ƙirƙiro maka adireshi na haruffa barkatai, ka ba shafin da ke nema, duk abin da aka aiko ya miƙo maka a akwatinka na gaskiya. Ranar da adireshin ya fara kawo shara, maɓalli ɗaya za ka taɓa ya mutu. Apple ya fara wannan a 2019 ga masu shiga manhajoji da asusunsa, ya faɗaɗa shi a 2021 da sunan Hide My Email ga masu biyan iCloud+. Mozilla tana da Firefox Relay. DuckDuckGo ya buɗe nasa ga kowa a 2022, kyauta, da adireshin duck.com, yana kuma cire 'yan leƙen asirin da ake ɓoyewa cikin saƙon talla don a san ko ka buɗe. A shekarar ce kuma Proton na ƙasar Suwizalan ya sayi SimpleLogin.

Amfanin mayafi ya wuce gujewa talla. Adireshin imel rabin mabuɗi ne, kalmar sirri ce ɗaya rabin. Kutsen da aka yi wa Yahoo a 2013, wanda sai a 2017 aka bayyana cikakken girmansa, ya shafi asusu biliyan 3. Ɓarayi sukan ɗauki adireshi da kalmar sirrin da suka samu a wuri ɗaya su yi ta gwadawa a wasu wurare. Haka 'yan kasuwar bayanai sukan yi amfani da adireshin wajen haɗa abin da ka saya a nan da abin da ka karanta a can. In kowane shafi da sunan da ya san ka da shi, zaren ya tsinke. Mai son sanin ko adireshinsa ya taɓa fita a irin wannan sata yana iya dubawa a Have I Been Pwned, shafin da Troy Hunt ɗan Ostareliya ya kafa a 2013.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Mayafi aro ne. Saƙonka yana bi ta hannun wani kafin ya iso gare ka. In kamfanin ya rufe, ko ka kasa biyan kuɗin wata, ko ka bar iPhone ka koma Android ka daina biyan iCloud, adiresoshin da ka rataya asusu hamsin a kansu suna iya shiga garari. A ƙasar da biyan dala da katin naira kan zama wahala, wannan abin lura ne. Don haka banki, da hukumar jarrabawa, da fasfo, da duk abin da rasa shi zai sa ka yi sintiri a ofisoshi, kada ka rataya su a kan aro. Garin neman gira kada a rasa ido.

A ofis da makaranta

Ga ma'aikata laƙabi yana da wani aiki dabam: yana raba muƙami da mutum. Makarantar da ta buga adireshin akawunta a kan takardar kuɗin makaranta ta shiga uku ranar da akawun ya ajiye aiki, don iyaye za su ci gaba da aika shaidar biya zuwa akwatin wanda ya tafi. In kuwa kudi@ aka buga, da shiga@ don masu neman gurbi, da korafi@, sai a juya laƙabin zuwa akwatin sabon ma'aikaci cikin minti ɗaya, ba wanda ya san an yi canji. Tamkar sarauta ce: Galadima yana rasuwa, galadimanci yana nan. Wannan tunani tsoho ne a intanet, don tun 1997 aka fitar da ƙa'idar sunayen muƙamai irin su info da sales da postmaster. A Google Workspace kowane ma'aikaci yana iya samun laƙabi har 30 ba tare da ƙarin kuɗi ba, saboda haka ƙaramar sana'a mai mutum biyu ba ta bukatar sayen akwati biyar.

Wanda ya sayi sunan gida nasa na kansa, ko mai ƙarewa da .com ko .ng da NiRA ke kula da shi, shi ne ya fi kowa 'yanci. Yana iya cewa duk sunan da aka kira a gidan nan a kawo masa, sai ya riƙa ƙirƙirar adireshi yadda ya so, babu alamar tarawar da za a datse. In ya gaji da kamfanin imel ɗinsa ya kwashe sunan gidansa ya koma wani. Matsalarsa biyu ce: masu aiko shara sukan yi ta cankar sunaye, duk su faɗo masa, sannan haya ce ta shekara-shekara. Shekarar da ya manta bai sabunta ba, wani na iya sayen sunan ya gaji wasiƙunsa, har da na sake kalmar sirri.

Nawa ya isa?

Kuskuren sabon shiga shi ne zuma ta yi masa yawa. Ya ƙirƙiri laƙabi arba'in da tambari arba'in, bayan wata guda ya rasa gane kansa, ya koma gidan jiya. Dattijon layinmu sunaye biyar yake amsawa, kuma sun ishe shi rayuwa. Ga mai amfani na yau da kullum huɗu sun wadatar: ɗaya na kuɗi, ɗaya na aiki ko karatu, ɗaya na hukumomi, ɗaya na saye-saye da talla. Shafukan da ba ka yarda da su ba, waɗanda sau ɗaya za ka shiga don sauke wata takarda, su ne na mayafi. Ainihin adireshin kuwa a bar wa mutanen da suka san ka.

Ba kuma sai an gyara komai rana ɗaya ba. Tsohon adireshin ya riga ya bazu, ba za a iya janyo shi ba. Abin yi shi ne a fara da wurare uku ko huɗu da rasa saƙonsu ke da tsada, a shiga a canza adireshin, sauran a riƙa gyarawa duk lokacin da aka ci karo da su. Rariya ba ta karanta saƙo a madadin kowa, kuma tambarin da ba a buɗewa juji ne shi ma, sai dai mai suna.

Ƙanwata ba ta share tsofaffin saƙonninta ba, suna nan dubbai yadda na gan su. Abin da ya canza shi ne wayarta ta daina yi mata ƙara don tallar takalma. Wata huɗu bayan wancan daren muna cin abinci wayar ta yi ƙara, ta ajiye cokali tun ba ta duba ba ta ce, "Yaya, wannan na aiki ne."